Ciwon suga: a fara da tef ɗin tela

'Yan uwa mata, ku ari tef ɗin tela ku auna ƙugu daidai saitin cibiya, ba a kan zani ba. In ya kai santimita 80, haɗarin ciwon suga ya ƙaru, domin kitsen tumbi ke hana insulin, sinadarin jiki mai daidaita suga a jini, yin aikinsa. Haka ma wadda sugarta ta hau lokacin goyon ciki, ko ta haifi jariri mai nauyi fiye da kilo 4, ko ciwon yana danginsu.

A je gwajin sugar jini da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa. Sakamakon gwaji daga 100 zuwa 125 (a ma'aunin mg/dL) gargaɗi ne. In ya kai 126 a gwaji biyu, ciwon ya tabbata, sai a ga likita.

Mu nan Bauchi ba za a ce a bar masa ba, amma a daina barbaɗa mata suga, a ci kaɗan da miyar taushe. Lemon kwalba ɗaya kuwa yana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9.

Ƙwayoyin "sha ka fashe" da ake ba amare don ƙiba, da yawansu dexamethasone ne, wani maganin kumburi mai ƙarfi, kuma suga yake tayarwa. A jefar da su.

Don rigakafi, a riƙa tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako, ko a tsakar gida ne.