Yadda ake auna kitse a tsokar kafaɗa da hoton MRI

Wanda jijiyar kafaɗarsa ta yage, kamar masu dakon kaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, idan aka daɗe ba a ɗinke ta ba, tsokar takan motse, kitse ya cike gurbinta. Yawan kitsen nan likitan ƙashi yake son sani kafin tiyata.

Kwantar da majiyyaci rigingine, hannu a gefe, babban yatsa sama, ka tokare hannun da jakar yashi. Yanka, wato kowane falle na hoton, kada kaurinsa ya wuce milimita 4.

Nau'in hoton MRI da ake kira T1 ake so, wanda ba a danne kitse a cikinsa ba, wato ba a sa na'ura ta ɓoye haskensa ba. A nan sababbin hannu ke faɗuwa: su buɗe hoton da aka danne kitse, su ga tsoka sumul, su rubuta lafiya lau. A T1 kitse fari ne fat, tsoka ruwan toka.

Sai wurin yanka. Nemi inda ƙashin allon kafaɗa ya yi siffar Y, wato yanka na ƙarshe ta waje inda ƙayar allon ke haɗe da jikinsa. Amma jijiyar da ta yage takan bar tsokar supraspinatus, wadda ke saman ƙayar allon, ta ja ciki wajen tsakiyar jiki, sai ramin da take zama ya zama kamar babu kowa, ka ɗauka tsoka ta ƙare alhali gudu ta yi. Saboda haka tun wajen ɗauka ka zarce ciki sosai, ka ƙara yanka. Mintuna kaɗan ne. Mutumin unguwar Aboabo da ya haɗa kuɗin hoton da kyar ba zai dawo karo na biyu ba.

Ma'aunin Goutallier na 1994, wanda aka fara da hoton CT, hawa biyar ne: 0 babu kitse, 1 zare-zare, 2 tsoka ta fi yawa, 3 kunnen doki, 4 kitse ya rinjaya. Daga 3 ɗinki yakan sake yagewa. Kowace tsoka cikin huɗun da ke riƙe da kafaɗa a ba ta nata maki, kada a manta infraspinatus, wadda ke ƙasan ƙayar allon.

Ido na ruɗi tsakanin 2 da 3. In na'urarku tana da Dixon, wato tsarin da ke ware hoton kitse daga na ruwa, zagaye tsokar ban da kitsen gefenta, ka raba siginar kitse da jimillar ta kitse da ruwa.

Tabon da ke cikin tsoka kuwa, hoton yau da kullum ba ya auna shi yadda za a dogara. Kada ka sa masa lamba a rahoto.