Yadda zaka raɗa wa karenka sunan karen fim ba tare da ka ɓata da maƙwabta ba

A garin nan na Jos in ka tsaya a layi da daddare ka ƙwala kiran Bingo, wallahi ba mamaki karnuka uku ko huɗu su leƙo, daga Bukuru har Farin Gada sunan kenan, sai Jaki sai Taiga. Kuma ba wai sunaye ne suka ƙare ba, kawai mutane basa zama suyi tunani ne, an kawo kwikwiyo yau, yaro ya faɗi abinda ya zo bakinsa, shikenan ya bi shi har tsufa. Alhali kare yana iya yin shekara goma ko fiye a gidanka, yana maka gadi cikin sanyin Disamba kana ciki cikin bargo, ai ya cancanci a zaɓa masa suna da natsuwa. Finafinai da littattafai cike suke da karnuka masu labari mai kyau, sai dai ɗauko sunan yana da hanya, don wani sunan a Amurka lafiya lau ne amma a unguwarmu rigima zai jawo maka.

Abu na farko kada kayi gaggawa. Ka bar kwikwiyon wajen uwarsa har ya kai sati 8 tukuna, in ya zo gida kuma ka bashi kwanaki kana kallonsa. Mai tsoro ne ko mai kutsawa, yana binka duk inda ka sa ƙafa ko nasa harkar yake, da an taɓa get yake haushi ko sai ya ga mutum. Halin nan shi zai nuna maka labarin da ya dace da shi. Mafarautanmu ma haka suke yi tun da, baƙin kare su ce masa Duna, wani kuma a sa masa sunan habaici don mai ji ya ji, ba wanda yake raɗa suna haka kawai a iska.

Sai ka san labarin mai sunan kafin ka ɗauka, nan ne mutane suka fi sakaci. Mu da muka tashi da kallon Indiya muna da guda biyu a kusa. Akwai Moti na fim ɗin Teri Meherbaniyan na 1985, wanda aka kashe ubangidansa Jackie Shroff a gabansa, karen nan ya riƙe fuskokin waɗanda suka yi kisan ya dinga binsu ɗaya bayan ɗaya har ya rama, duk wanda ya kalli wurin da yake kuka a kan ubangidan nasa ya san me nake nufi. In baƙin kare ne gareka mai riƙon amana wanda baya yarda da baƙo da wuri, ni dai banga sunan da ya fi Moti ba, gashi gajere gashi baki baya wahala wajen faɗa. Na biyun Tuffy ne, ɗan farin kare mai gashi na Hum Aapke Hain Koun na 1994, fim ɗin Salman Khan da Madhuri Dixit, shine yayi alƙalancin wasan kurket, kuma shine aka ba wasiƙa da sarƙa ya kai wa Prem, wato Salman Khan a fim ɗin, sai ya kai wa yayansa Rajesh, daga nan asirin soyayyar ya fito aka fasa auren da za'a yi ba da son rai ba. Wannan sunan na ƙaramin kare ne mai wayo da son wasa da yara, bai dace da ƙaton karen gadi ba.

In kuma jaman shefad gareka, irin wanda muke ce wa karen 'yan sanda, to kana da manya biyu. Rin Tin Tin kare ne na gaske, wani sojan Amurka mai suna Lee Duncan ya tsince shi yana kwikwiyo a fagen daga a Faransa a 1918 lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ya tafi da shi gida ya horar da shi har ya zama tauraro a finafinan kamfanin Warner Bros tun zamanin da fim ba magana, ya mutu a 1932. Sunan yayi tsawo wajen kira, amma shi kansa Duncan Rinty yake ce masa, kaga an rage maka aiki. Ɗayan kuma Rex ne, na shirin ƙasar Ostiriya da aka fara a 1994, karen da yake taya 'yan sandan birnin Biyana binciken kisan kai. Rex ya ɗan yi yawa a Rayfield da sauran unguwannin masu hali, amma har yanzu suna ne mai kwarjini.

Wanda labarinsa yafi taɓa ni dai Hachiko ne. Karen Japan ne jinsin Akita, ubangidansa Farfesa Ueno malami ne a jami'ar Tokiyo, kullum da yamma karen yana zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya tarbe shi. A 1925 farfesan ya rasu a wurin aiki, bai dawo ba, karen nan kuma bai daina zuwa tashar ba, kullum a lokacin da jirgin yake isowa yana nan yana duba fuskokin masu sauka, haka yayi tayi kusan shekara goma har shima ya mutu a 1935. Yau akwai mutum-mutuminsa a bakin tashar, kuma an yi fim a kansa a Japan a 1987, sannan Richard Gere yayi na Amurka a 2009. In karenka irin mai kwanciya a bakin get ne tun kafin la'asar yana jiran ƙarar mashin ɗinka, ka sa masa Hachi, ya ci sunan.

Na mace kuma akwai Lassie, wadda marubuci Eric Knight ya ƙirƙira, littafin ya fito a 1940 fim a 1943, talauci ne ya sa iyayen yaron suka sayar da ita aka kai ta can Sikotlan, ta gudo ta tako ɗaruruwan mil a ƙafa ta dawo wajen yaronta. A fim ɗin ma namiji ne mai suna Pal ya fito a matsayinta, amma a labari mace ce, don haka karya zaka sa wa. Akwai kuma Daisy, 'yar kwikwiyon da matar John Wick ta bar masa a fim ɗin 2014, sai dai zan dawo kan irin wannan sunan.

Yara su nasu daban ne, da ka tambaye su zasu ce Scooby, ko Spike na Tom and Jerry, ko Pluto, ko na Paw Patrol irin su Chase da Rocky da Skye. Ba laifi ka basu dama, don yaron da ya zaɓi sunan shine zaka ga yana tuna ruwan karen da abincinsa. Ka dai tace musu. Scooby ƙato ne amma matsoraci, tun 1969 yake gudun fatalwa, in gadi kake so ka san abinda ka ɗauko, duk da ni a ganina sunan yana da daɗin kira.

To yanzu ga inda nafi so ka natsu, wato kunnen maƙwabta. A wajenmu haɗa sunan mutum da kare zagi ne babba, ba wasa bane, kuma Jos gari ne da Musulmi da Kirista da ƙabilu kala-kala suke zaune katanga ɗaya, zaman nan mun san tsadarsa. A 2016 a jihar Ogun an kama wani mutum har aka kai shi kotu saboda ya sa wa karensa suna Buhari ya rubuta a jikinsa yana yawo da shi a unguwa. Don haka duk sunan fim ɗin da mutane suke amsawa ka barshi, Sam na fim ɗin I Am Legend, Daisy, Charlie, Max ma ka bincika tukuna, don ba mamaki ɗan maƙwabcinka ko wata a cocin bayanku haka ake kiransu. Sunan annabawa da sahabbai da malamai da sarakuna da 'yan siyasa kuwa ko kusa kada ka je.

Ba ma sunan kansa kaɗai ba, harda yadda yake fita in an ƙwala shi daga nesa. Balto kare ne mai tarihi, yana cikin karnukan da suka ja maganin mashaƙo a cikin ƙanƙara zuwa garin Nome na Alaska a 1925 lokacin da cutar take kama yara, har mutum-mutuminsa aka yi a Niyok, amma ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga murya kace Balto, wanda yake waje Bello zai ji, in akwai Malam Bello a layinku ka shiga uku wajen bayani. Abokin aikinsa Togo shine ma ya ja zango mafi tsawo da haɗari, aka yi masa fim a 2019, to shi kuma sunan ƙasa ne kuma muna da mutanenta a cikinmu suna sana'a. Laika, karyar da Rasha ta tsinto a titin Mosko ta harba sararin samaniya a 1957 ta mutu a can, sunanta yayi kusa da mala'ika a kunnen Bahaushe, ni bazan sa ba. Toto na The Wizard of Oz kuma duk mai jin turancin buroka ya san kalmar batsa ce, baza ka iya kiranta a gaban surukanka ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce, ka fita waje ka kira sunan da ƙarfi kamar karen ya tsere, ka sa wani ya tsaya nesa ya faɗa maka me ya ji, sannan ka faɗa wa babba ɗaya a gidan, Baba ko Mama, in kaga sun ɗan yamutsa fuska ka canja.

Akwai kuma sunan da labarinsa ne mara kyau. Cujo na littafin Stephen King na 1981 kare ne mai kirki da jemage ya cije shi ya kamu da haukan kare ya koma kashe mutane, wasu samari suna sa wa nasu don a ji tsoro, ni kam bana so, ba abin ado bane cutar da in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba'a tashi. Gara ma labarin ya tuna maka da allura, kwikwiyo in ya kai wata 3 a yi masa rigakafin haukan kare, a dinga maimaitawa duk shekara, kuma mu nan bamu da uzuri tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom kusa da mu tun 1924 kuma ana yin wannan allurar a can. Sunan da ka zaɓa shi likitan dabbobi zai rubuta a katin, ka ajiye katin da kyau, ranar da karen ya yaƙushi ɗan wani shine zai kashe maganar.

Ta ɓangaren karen kuma, suna mai gaɓa biyu yafi, Moti, Hachi, Rinty, Pongo, Benji, don yana fita da sauri kuma ana iya jan ƙarshensa. Ka duba kada yayi kama da umarnin da zaka dinga bashi. In da Hausa kake masa magana kana cewa zo, zauna, bari, kama, to Zuma na Paw Patrol zai dinga rikita shi da zauna, Barry kuma da bari. Kuma gida duka a tsaya kan suna ɗaya, ba kai kace Scooby, uwargida tace Kubi, yara suce Dudu ba.

Koya masa sunan ba wuya. Ka samu wuri shiru, ka riƙe 'yan ƙananan yankan dafaffen nama ko hanta, ba kilishi ko tsire ba don albasa da tafarnuwa suna cutar da kare, haka cakulan da inabi. Ka kira sunan sau ɗaya da murya mai daɗi, da ya juyo ya kalle ka nan take ka bashi, kada ka jira ko daƙiƙa uku don bazai gane me aka biya shi ba. In bai juyo ba kada kayi ta maimaitawa Moti Moti Moti, sunan zai zama hayaniya ne kawai a kunnensa, ka ɗan tafa hannu ko ka matsa kusa ka sake. Minti biyar ya isa, safe da yamma, in ya kama sai ka koma tsakar gida inda yara suke wasa, daga nan bakin get, a hankali kana rage naman kana maye shi da shafa kai da yabo. Abinda yake ɓata aikin nan shine kiran sunan lokacin faɗa, ya tauna takalmi ka daka masa tsawa da sunansa ko ka kira shi ya zo ka doke shi, gobe in ka kira zai noƙe ya shige ƙarƙashin mota, kuma ranar da ya fita titi kake buƙatar ya dawo da gudu ranar zaka ga illar.

In babban kare ka karɓo wanda ya riga ya saba da Bingo, ana iya canjawa, kare baya riƙe suna kamar mutum, abinda yake biyo bayan sautin yake riƙewa. Ka dinga haɗa su, sabon a gaba tsohon a baya, Hachi Bingo, kana bashi nama in ya juyo, bayan ya saba sai ka yar da Bingon ka bar Hachi kaɗai. In kuma a gidan da ya baro dukansa ake yi da wancan sunan, kada ma ka haɗa, ka fara da sabon kai tsaye.