Yadda za ka nemi mai gyaran makulli a Kano

Tambayar nan ta yawaita, musamman daga masu shago da 'yan haya. Ga matakan:

1. Duba abin da ya samu matsala: kwaɗo, kubar ƙofa, ko makullin mota. Kowanne da gwaninsa.
2. In akwai makulli ɗaya a hannunka, kai shi Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa a yanka maka wani. Ya fi arha nesa ba kusa ba.
3. In duk sun ɓata, tambayi maƙwabta su haɗa ka da mai rumfa sananne.
4. Tura masa hoton kubar ta WhatsApp.
5. Ku yi ciniki kafin ya taɓa ƙofar.

Hattara, a nan ake rigima. Tambaye shi ko kuɗin adaidaita da na sabuwar kuba suna ciki.

6. Tsaya a kansa har ya gama.
7. In sace makullin aka yi, sa shi ya canza kubar gaba ɗaya. Yanka sabo ba ya hana ɓarawo dawowa da tsohon.
8. Gwada kowane makulli, ƙofa a buɗe, kafin ka biya.

Makullin motocin zamani kuwa, bayan yanka sai an saita shi da kwamfuta, in ba haka ba motar ba za ta tashi ba.