Kurakuran da masu sa kai suka fi yi wajen ƙidayar tsuntsaye a fadamun Logone da Binuwai

A tsakiyar watan Janairu na kowace shekara ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, kuma ƙungiyar Wetlands International ce ke tattara sakamakonta. Kaso mai tsoka na wannan aiki masu sa kai ne ke yin sa, kuma abin da suka rubuta a fadamar Waza da Logone, ko bakin tafkin Maga, ko madatsar Lagdo, duk a arewacin Kamaru, ko tafkin Fitri da ke Cadi, yana shiga cikin hujjojin da ake dogara da su wajen kare waɗannan wurare. A ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, dausayin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi, ya cancanci a lissafa shi cikin masu muhimmanci a duniya, don haka alƙaluman da aka rubuta da ka suna iya ɓata aikin mutane da yawa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne rubuta baƙon tsuntsu kaɗai, a yi watsi da wanda ido ya saba da shi. Mutum zai yini a bakin ruwa, ya dawo da sunan kwasakwasa da gauraka, alhali ya wuce ɗaruruwan balbelu da kirinjijiya bai ƙirga ba, saboda a ganinsa ba labari ba ne. Ungulun da aka saba gani a mahauta ta isa misali: shekara da shekaru ba wanda ya damu da ƙirga ta, sai ga shi a 2015 an sanya ta cikin jinsunan da ke gab da ƙarewa. Gyaran shi ne a rubuta duk abin da aka gani kuma aka gane, har da hankaka da shirwa. Manhajar eBird ta shigar da jerin tsuntsayen da aka gani, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta buɗe a 2002, tana tambayar ko jerin cikakke ne, kuma wajibi ne a amsa da gaskiya.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne, wato rashin rubuta babu. Idan aka je inda gauraki suka saba kiwo aka tarar wayam, wasu sukan ɗauka an yi zuwan banza, su ƙi aika rahoto. A ganina wannan rahoton ya fi sauran daraja, domin da irinsa ake gane cewa wuri ya fara lalacewa. Bayan gina madatsar Maga a 1979 ambaliyar da ke shayar da fadamar Logone ta ragu ƙwarai, kuma da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, ƙidayar da aka riƙa maimaitawa a wurare guda ce ta nuna tsuntsayen sun fara dawowa. Ba domin an rubuta shekarun ƙaranci ba, da ba a sami abin da za a gwada shekarun yalwa da shi ba.

Daga nan sai batun suna. Balbela a bakin jama'a ta haɗa fararen tsuntsaye da dama, amma a takardar ƙidaya kowace da gurbinta. Wadda ke bin shanu gajeren wuya gare ta da rawayan baki. Wadda ke tsayawa cikin ruwa marar zurfi tana kamun kifi siririn baƙin baki gare ta, ƙafafunta baƙaƙe, yatsunta rawaya. Akwai kuma babbar, mai dogon wuya, wadda girmanta ya kusa na zalɓe. Haka abin yake ga zalɓe da ungulu. Wanda bai tabbatar ba, ya rubuta cewa farar balbela ce da ba a tantance jinsinta ba, ya ɗauki hoto ko da da waya ne, ya nuna wa wanda ya fi shi sani. Lokaci ma yana taimakawa: shamuwa baƙuwar damina ce, da kaka take komawa kudu, saboda haka wanda ya ga kamar ita a Janairu ya kamata ya sake dubawa kafin ya ɗora alƙalami.

Ƙirga babban garke shi ne inda ake yawan faɗuwa. Kalmomi irin su "da yawa" ko "ba iyaka" ba su da amfani ga mai nazari, kuma ido yakan rage adadin garke idan ya yi girma. Hanyar da aka saba bi ita ce a ƙirga 10 ko 50 ko 100 ɗaya bayan ɗaya daga gefe guda, a riƙe girman wannan rukuni a ido, sannan a riƙa auna sauran garken da shi, kamar yadda mai awo ke ƙiyasta tarin hatsi da mudu. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa ba tare da sun ji na juna ba, sannan su gwada. Idan masunci ya ratsa da kwalekwale agwagi suka tashi suka sauka can gaba, a lura da inda suka nufa, don kada a sake ƙirga su bayan an zagaya kwana. A rubuta a fili ko adadin ƙirge ne ko ƙiyasi.

Mutane da dama sukan rubuta wuri a dunƙule, su ce "Logone" kawai, alhali kogin ya ratsa Yagwa har Kusuri. A ɗauki alamar wurin da waya, a rubuta sunan ƙauye mafi kusa, lokacin farawa da na gamawa, yawan masu ƙirga, da nisan da aka taka. A ambaci hazo idan ya sauka, domin ranar da ba a hango ɗaya gaɓar tafki ba, ƙarancin adadi ba ya nufin ƙarancin tsuntsu. Baɗi kuma a koma wurin nan, a irin wannan lokaci, ta wannan hanya.

Akwai kuskuren da illarsa ke komawa kan tsuntsun kansa. Matsawa kusa da sheƙa don neman hoto yakan kori uwa, rana ta ƙona ƙwai ko hankaka ya kwashe. Mafi muni shi ne yaɗa ainihin wurin sheƙar gauraka ko ta ungulu a Facebook, alhali ana kama 'ya'yan gauraka don sayarwa, ana kuma neman sassan jikin ungulu a kasuwar magunguna. Irin wannan bayani a miƙa shi ga jami'an gandun daji ko mai kula da ƙidayar kaɗai.

Kafin a shiga kowace fadama, a fara gaida lawan ko jauro ko bulaman wurin, a bayyana masa abin da ya kawo mutum, a kuma nemi izinin hukuma idan cikin gandun Waza ko na Binuwai ne. A lardin Arewa Mai Nisa, inda aka sha fama da matsalar tsaro, baƙo mai madubin hangen nesa da littafi a hannu yana iya jawo zargi. Masunta da makiyaya kuwa, idan aka mutunta su, su ne za su nuna inda dinya ke kwana da watan da ruwa ya janye bana, sai dai a rubuta abin da suka faɗa a shafi dabam, a matsayin labarin da aka ji, kada a cakuɗa shi da abin da aka gani da ido.