Kurakuran da ke dishe muryar jita mai lantarki a Jidda, da yadda ake gyara su

Ƙanen wani abokina ya kawo mini jitarsa ranar Juma'a bayan la'asar, ya ce, "Yaya, muryarta ta dishe, fikof nake so a canza mata." Fikof shi ne ɗan abin nan mai maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi da ke ɗaukar sauti ya kai amfilifaya. Har ya tara kuɗin. Na shafa yatsa a ƙarƙashin siririyar tsirkiya, sai ga jan layin tsatsa a yatsana. Na tambaye shi rabonsa da canza tsirkiyoyi, ya ce tun ranar da ya saye ta. Muka ɗaura sababbi, ya kaɗa sau ɗaya, sauti ya fito tangaran, kuɗinsa ya koma aljihu.

Kuskuren da na fi gani ke nan a garin nan. Jidda a bakin Bahar Maliya take, iskarta laima ce da gishiri, ga gumin hannu. Tsirkiyar da za ta daɗe a Riyad, nan ba ta jimawa take mutuwa. Ka ajiye tsumma busasshe a jakar jita, duk ka gama kiɗa ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa. In kaifin sauti da taushin yatsa kake so, tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42 sun isa. Masu 10 zuwa 46 sun fi cikar murya, amma sun fi jan wuyan jita, don haka in ka canza lamba sai ka sake duba saitin.

Sai wuyan kansa. Mutum ya bar jita a but ɗin mota da rana tsaka, ya ɗauko ta ya shiga ɗaki mai sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), katako kuwa numfashi yake yi. Wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta fara zizar a kan firet, wato siraran ƙarafan da ke jere a wuyan, sai a ɗauko alanki a murɗa sandar ƙarfen cikin wuya zagaye guda ko biyu. Abin nan yana ci mini rai, domin haka ake karya sandar, gyaranta kuma ya kan kusa kuɗin wata jitar. Ga yadda ake yi: danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe, ka leƙa tsakiya, wajen firet na 8. Tazarar da ake so tsakanin tsirkiya da firet kamar kaurin katin kasuwanci ce, wajen milimita 0.25. In ta fi haka, murɗa dama, kwatan zagaye kawai. In babu tazara sam, sassauta hagu. Daga nan ka saita sauti, ka bar ta ta huta kafin ka ƙara. In ka ji sandar ta cije, tsaya.

Aikin kuma bi da bi ne: tsirkiya, wuya, tsayin tsirkiya a kan jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita), sannan daidaiton sauti. Wanda ya fara da na ƙarshe aikin baban giwa ya yi. Daidaiton ba wuya: kaɗa tsirkiya a sake, ka kaɗa ta a firet na 12, inda ya kamata ta ba da sauti iri ɗaya amma a sama. In na 12 ya haura, ja sirdin jakin baya, tsirkiyar ta ƙara tsawo. In ya gaza, matso da shi gaba.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne tsayin fikof. Ana ɗauka in an matso da shi daf da tsirkiya sauti zai ƙara kyau. Ƙara dai za ta ƙaru, amma maganaɗisun da ke ciki zai riƙa jan tsirkiyar, amo ya mutu da wuri, ka ji wata rawar murya a manyan tsirkiyoyi, musamman a jita irin Stratocaster. Danne firet na ƙarshe ka auna tazarar tsirkiya da fikof: kimanin milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri, milimita 2 a ɓangaren sirara. Daga nan kunnenka ne alƙali, rabin juyin sukuru ma yana sauya murya. Ni na fi son in ɗan saukar da shi, sautin ya sarara, ƙarar kuwa amfilifaya ta kawo.

Maɓallin ƙara na jita in yana ƙarzar-ƙarzar, ƙura ce. Kada a fesa masa man sassauta noti, a nemi feshin wanke kayan lantarki. In za a canza shi a duba lamba: 250k ake sa wa fikof mai naɗin waya ɗaya, 500k ga mai naɗi biyu. Wanda ya sa 250k a mai naɗi biyu ya lulluɓe muryar da bargo. Doguwar waya daga jita zuwa amfilifaya ma tana shanye kaifi, mita 3 zuwa 5 ta wadatar.

Kada kuma ka kai maɓallin kaifi na amfilifaya ƙarshe, wannan tsinin kunne ne. Fara da komai a tsakiya, ka rage ɓurarin sauti, ka yi wasa da makunnin jita mai matsayi biyar da ke zaɓar fikof. Na 2 da na 4 suna haɗa fikof biyu, su ba ka murya wasai wadda ke shiga kiɗan biki da na Sudan ba tare da ta danne mawaƙi ba.

Ƙugi kuwa, wani na wuta ne, domin lantarkin Saudiyya sau 60 yake bugawa a daƙiƙa, fikof mai naɗi ɗaya kuma yana kwasowa. In ka taɓa tsirkiya ƙugin ya ragu, wayar ƙasa tana aiki. In bai canza ba, duba wayar da ke haɗe da jaki, sau da yawa dalmarta ce ta saki. A tsofaffin gidajen Jidda har yanzu ana samun soket mai ƙarfin wuta volt 127 da mai 220 a gida ɗaya, don haka karanta abin da aka rubuta a bayan amfilifaya kafin ka jona, balle wadda aka kawo daga Amurka. Amfilifaya mai kwalaben lantarki a ciki kuwa, don Allah kada ka buɗe ta da kanka. Tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga bango, sai a kai wa mai gyaran da ya san ta.