Yadda ake sauka ramin ma'adinai a fito lafiya

Ba zan tsaya kan hular kwano, takalmi mai bakin ƙarfe da fitilar goshi ba. Wanda ba shi da waɗannan, ko bakin rami bai kamata ya kusanta ba. Abin da ya fi cin sababbin mahaƙa shi ne wanda ido ba ya gani, a nan kuma zan fi daɗewa.

Da farko, kafin kowa ya kama igiya, a zagaya bakin ramin. Ƙasar da aka haƙo jiya kada a bar ta jibge a kan gaɓa, a ja ta baya, ni dai ƙasa da mita ɗaya ba na yarda. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya takan kai tan ɗaya da rabi. Wanda ta danne wa ƙirji ba ya iya numfashi ko da kansa na waje. In an kwana ana ruwa kuma ka ga sabuwar tsaga a gefe, babu mai sauka sai an ƙara tokara.

Na biyu, a gwada iska. Nan ne sabon shiga ke yin ganganci, don yana ganin jiya ya fito lafiya daga ramin nan, yau ma haka. Rami yana canza iska cikin dare ɗaya. Iskar da muke shaƙa a sarari tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari. Da zarar ya sauka ƙasa da kashi 19.5, ba a shiga. Ɗaure na'urar gwajin gas a igiya ka zura ta a hankali. Tsaya a sama, tsaya a tsakiya, sannan ƙasa, kana ba ta lokaci a kowane wuri ta karanta. Dalili shi ne iskar ba a haɗe take ba. Metan, gas mai kama wuta wanda ya fi yawa a ramin kwal, ba shi da nauyi, rufi yake hayewa, kuma yana fashewa in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Kabon dayoksaid (iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi) da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai su kuma ƙasa suke kwanciya, daidai inda za ka durƙusa da diga. Ita mai warin ma makira ce: in ta yi yawa sai ta kashe hanci, ka daina jin warin, ka zaci ta wuce.

Na san za a ce na'urar da tsada. A haɗa kuɗi a sayi guda ɗaya ga rukuni duka, ya isa. Wasu suna zura kyandir ko fitilar ƙwai su ga ko za ta mutu. Ka bar wannan dabara. In akwai metan, kai ka kunna masa wuta da hannunka. In kuma kabon monoksaid ne, gas mai guba irin wanda ke cikin hayaƙin inji, wutar za ta ci gaba da ci lafiya lau kai kuwa kana mutuwa, domin ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ne ya kashe akasarin mahaƙa 301 da suka rasu a ramin kwal na Soma a Turkiyya a 2014.

Saboda haka janareta ko injin jan ruwa mai amfani da fetur ba ya sauka cikin rami, ko da na minti biyar ne. Injin ya zauna a sama, nesa da baki, hayaƙinsa ya juya wa ramin baya, tiyo kaɗai ya sauka. Fankar hura iska a kunna ta kafin a shiga, bututunta ya kai har inda ake sara, ba rabin hanya ba, kuma ba a kashe ta don a rage shan mai. Ciwon kai, jiri ko kasala da ta kama mutum biyu lokaci guda ba yunwa ba ce. Kowa ya fito.

In kuwa wani ya faɗi a ƙasa bai motsa ba, kada ka bi shi. Wannan ce doka mafi wuya, don zuciya ba ta yarda, amma iskar da ta kayar da shi kai ma numfashi kaɗan za ta ba ka. Sau da yawa rami ɗaya kan haɗiye mutum uku: na farko da masu ceto biyu. Shi ya sa kowane mai sauka yake ɗaure da ɗamara da igiya, kuma mutum ɗaya yana zaune a baki ba ya aikin komai sai tsaro. A jawo shi daga sama, a ƙara iska, a kira agaji.

Na uku, rufi. Ɗauki doguwar sandar ƙarfe ka ƙwanƙwasa dutsen da ke samanka, kana tsaye a ƙarƙashin wurin da aka riga aka tokare. Lafiyayyen dutse yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya saki ciki kuwa sai ka ji ya yi kamar ganga. A zungure shi ya faɗo, ko a kafa masa tokara. In ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan, ko katakon tokara ya fara ƙara, ajiye kaya ka fita. Ginshiƙin da aka bari yana riƙe da rufi ba a cinsa, komai ƙyallin ma'adinin da ke jikinsa. In mai rami ya matsa, ka sani yarjejeniya mai lamba 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba mahaƙi ikon janye jikinsa daga wurin da yake ganin haɗari mai tsanani.

Sauran a taƙaice. Nakiya aikin mai lasisi ce. Bayan ta tashi ba a komawa sai hayaƙi ya fita an sake gwada iska, wadda ta ƙi tashi kuma ba a leƙa ta kafin minti 30, ba a kuma sake huda cikin tsohon raminta. A jiƙa dutse kafin a huda ko a niƙa, domin ƙurarsa tana lalata huhu a hankali, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci kuwa ba ya tare ta. A kafa allo a bakin rami, kowa ya rataya alamarsa in zai sauka, ya cire in ya fito. Ba a kashe fanka, ba a tashin nakiya, sai allon ya zama babu komai.