Yadda Ake Sanya Katin PCIe a Kwamfutar da Aka Harhaɗa

Masu harhaɗa kwamfuta a Samaru, Zariya, sun sha tambayar yadda ake sanya katin PCIe, wato katin da ake sakawa a gurbi a cikin kwamfuta don ƙara mata wani aiki.

1. A kashe kwamfutar.
2. A zare wayarta daga bango.
3. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a ɗauki katin, domin busasshiyar iskar hunturun Zariya tana tara lantarki a jiki, wanda kan lalata kati.
4. A zaɓi gurbi bisa littafin babban allon (motherboard), wato allon cikin kwamfuta da sauran sassa ke haɗuwa a kansa. A kula: wani gurbin yana da tsawon x16, wato tsawon gurbi mai layukan bayanai 16, amma layuka 4 kawai yake ɗauka, kuma hakan na iya rage saurin katin.
5. A danna katin har ya zauna daram.
6. A ɗaure shi da sukuru.
7. A kunna kwamfutar.
8. A sanya manhajar direba ta kamfanin da ya ƙera katin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin.